Sanduna a Kan Gawo

Shekarar da aka rufe iyakar Najeriya, wadda gero ya kai gwiwa ya tsaya ya bushe a tsaye, ita nake so in ba ku labarinta. Soja ke mulki a lokacin, kuma a shekarar ce muka fara cin jar dawar taimako. Kun sha jin baffanninku suna cewa ubanku ya bar shanunsa sun mutu yana bisa itace yana wasa da ƙarfe. Ba ƙarya suka yi ba. Amma rabin maganar ke nan, kuma tunda Allah ya sa na koyi rubutu da girmana, gara in ajiye muku ɗaya rabin da hannuna.

Ƙauyenmu yana arewa da Tasawa, tafiyar wuni guda a ƙasa. Ku biyu manya mun riga mun kai ku Maijirgi wurin kakanninku na wajen uwa, inda rumbu bai gama ƙarewa ba. Gida ya rage ni, da uwarku Dije, da Inna mahaifiyata, da ƙanena Hamidu, autanta. Sai bajimai biyu da ke ja mini amalanke, su kuma ja ruwa a rijiya. Da aka tabbata damina ta tafi ke nan, Hamidu ya naɗe tabarmarsa ya ce zai bi samari kudu ya nemo abin da za a ci. Wata huɗu ba mu ji komai ba. Sai wani mutumin ƙauyen gaba ya dawo ya ce an binne wasu matafiya kusa da iyaka, kuma ɗaya daga cikinsu dogo ne mai wushirya. Bai ce Hamidu ne ba. Dogaye masu wushirya suna da yawa a duniya. Amma Inna ta ji, kuma tun daga ranar hannunta ya daina zuwa ƙwarya. Ba ta yi kuka a gaban kowa ba. In Dije ta ajiye mata tuwo, sai ta taɓa gefensa ta ture.

"Na ƙoshi, ɗiyata. Kai ma masu aiki."

Ta koma kurɓar ruwan gari kaɗai. Cikin wata guda zanenta ya fara zagaye ta sau biyu, ƙafafunta kuma suka kumbura har ba ta iya kaiwa bakin ƙofa sai da dafa bango.

Sai in gaya muku zancen tele, wato talabijin. Shekara biyu kafin nan gwamnati ta kawo mana ita, baƙi da fari, aka gina mata ɗan ɗaki a dandali. Akwai wani baƙin faranti mai shan rana da ke cika mata batir, akwai kuma ƙarafan kama hoto a kan dogon bututu, abin da muke ce wa anten. Ni aka ba makulli, don ina zuwa ajin yaƙi da jahilci, kuma mushenmu, wato malamin ajin, ya gaya wa Maigari cewa a ajin nan Isuhu ne kaɗai ke iya rubuta harafi ɗaya sau hamsin bai jefar da bik ɗin rubutu ba. A farkon daminar nan an yi wata iska wadda ba ruwa a bayanta, ta karya bututun, ta watsar da ƙarafan. Na tsinci sanduna uku a gonar bayan gari, na ajiye. Aka aika a zo a gyara, ba wanda ya zo. Mushe ma ya tafi da aji ya watse. Ba mu damu ba, mai yunwa ba ya tambayar hoto.

Ran nan na kai amalanke Tasawa ɗaukar rabon dawar ƙauyenmu, sai wani ɗan garinmu da ke bin manyan motoci ya riƙe ni a tasha.

"Isuhu, ashe Hamidu shina cikin tele? Wallahi na gan shi, ba sau ɗaya ba. In za a soma shirin noman rani, sai an nuna shi bakin rijiya."

Na ɗaure shanun na jira har magariba. Gaban wani ofis ake fito da tele, jama'a su zauna a ƙasa. Aka soma shirin da kiɗa, aka nuna filin kabeji, aka nuna mata da kwanduna, sai ga wani dogon mutum ya ba da gefe yana jan wasaki daga rijiya. Numfashi uku ya yi, ya wuce. Ni a idona Hamidu ne. Na tambayi mai kula da telen, ya ce hoton buɗe shiri ne, Litinin da Alhamis ake sa shi, bai san inda aka ɗauko ba, kuma bai san ranar da za a canja shi ba. Kafin duhu ya rufe na ɗaga kai na zana anten ɗinsu a kayena, littafin da nake rubutun aji. Na ƙirga sandunan, na zana mai tsawo da tsawo, gajere da gajarta.

Kun san Inna ba ta yi mini magana kai tsaye, ni ne ɗanta na fari. Ko muna zaune tabarma ɗaya, ta bakin uwarku take aiko mini. Na durƙusa na faɗa mata abin da na gani. Ta juya wajen Dije.

"Dije, ce ma mai gidanki ya iya lallashi. Allah shi yi mashi albarka. Amma ni ba yarinya ba ce."

"Inna, ai rantsuwa ya yi."

"Mai son uwarshi ta ci tuwo, mi ba ya rantsewa a kai? In ya gani, ni ban gani ba."

Na so in ɗora ta a amalanke zuwa Tasawa. Dije ta ja ni waje ta ce in dubi tsohuwar nan da kyau, wuni guda a rana bisa katako, gawarta za mu sauke. Gaskiya ta faɗa. Tunda Inna ba ta iya zuwa wurin hoton, sai hoton ya zo wurinta.

Na buɗe ɗakin tele na share. Batir yana da rai, don farantin bai daina shan rana ba. Cikin sanduna ukun da na tsinta akwai mai lanƙwasa biyu wadda waya ke fita daga jikinta, na sa mata suna uwa. Akwai wadda ta ɗan fi ta tsawo, na ce da ita babba, da wadda ta gaza ta kaɗan, ƙane. A zanena na Tasawa ƙannen shida ne. Na zagaya gari neman siririn ƙarfe madaidaici, ban samu ba. Da na dawo na iske Dije ta fito da gadonta na aure tsakar gida, tana kwance sandunan da ake rataya gidan sauro.

"Mi kike yi haka?"

"Sauron ma ya yi hijira, ba ruwa. Ɗauki. In ba su isa ba, akwai na kan gadon."

Gadon nan ubanta ya sayar da tunkiya uku ya saya mata. Na ce a'a, ta ce ai ba ni ta ba, Inna ta ba. Maƙeri ya tafi cin rani, amma ya bar zarto a rumfarsa, da shi na yanka. Na ɗauko ƙotar hauyar tsaye, doguwar nan da muke noma da ita, tunda ba abin nomawa, na jera sandunan a kanta na ɗaure da igiyar roba. Bututu ya karye, don haka na hau gawon da ke bakin dandali, wanda makiyaya suka riga suka sassare wa rassa, na kafa wata azara a ƙolinsa.

Ina cikin ɗaurawa Maigari ya zo da sandarsa. Tsoro ya kawo shi, don kayan gwamnati ne, kuma a zamanin nan in soja suka tambayi abu ba a cewa ban sani ba. Na rantse masa ba zan taɓa cikin akwatin ba. Ya ɗaga kai ya duba.

"To wane gehe za ka ba Maraɗi?"

"Ranka shi daɗe, ban rubuta wannan ba."

"Wannan har sai an rubuta? Ina ka taɓa ganin yara gaba babba baya? Ko a sahu, ko a hanya. Ba da doguwar gaba."

Ni ma hakan ya yi mini daidai. Na juya babba ta fuskanci Maraɗi, inda hoton ke fitowa, ƙanne suka bi bayanta.

Kafin a buɗe tasha, tun la'asar sakaliya, sukan sa wani zane mai layi-layi da ƙara mai tsawo. Da shi muke gwaji. Ni ina bisa gawo, Dije tana ƙofar ɗakin tele tana faɗa mini abin da ta gani. Ranar farko muka kusa faɗa, don in ta ce ya ɗan yi, ban san ɗan nawa ba. Sai muka yanka wa hoton suna huɗu. In fari ne mai tsalle-tsalle, dusa. In wani abu yana motsi a bayan dusar, inuwa. In an gane siffa, mutum. In har ana iya gane ido da baki, fuska. Waɗannan kalmomi huɗu su ne na farko da na rubuta ba wanda ya faɗa mini in rubuta.

Kwana shida dusa muke samu. Na ƙara tsawon azara, dusa. Na goge bakin waya da toka, dusa. Ran na bakwai na kwance ɗaurin zan sauko da shi, ƙotar ta kuɓuce mini ta juya kanta, sai na ji Dije ta ƙwala kira.

"Tsaya! Kar ka motsa! Inuwa!"

Na duba, ƙanne ne ke kallon Maraɗi, babba tana baya. Akwai aminina Agali, Buzu ne, iyayensa sun zauna gefen garinmu tun ba a haife mu ba, tare muka yi kiwo. Yana gindin gawon a ranar, ya yi dariya har rawaninsa ya zame.

"Ku Hausawa komi sai kun yi mashi sarauta. Ba ka ga garke ba? Ƙanana gaba, mai sanda baya shina tare wadda ta so komawa."

Maigari ya ce shi dai bai taɓa ganin irin wannan tarbiyya ba, amma tunda ƙarfe ne, a bar shi da halinsa.

Agali ba dariya ta kawo shi ba. Sallama ya zo yi. Zai kora sauran awakinsa kudu wajen gulbi, inda aka ce akwai kara da ɗan ruwa. Ya bi ni gida, ya tsaya gaban bajimaina yana shafa haƙarƙarinsu.

"Isuhu, waɗannan ba su kai wata guda nan. Taho mu tahi tare, jibi da asuba. Ni kaɗai ba ni iya shayar da su, rijiyoyin hanya sai mutum biyu."

"In na tahi, wa za ya hau itacen?"

"Itacen ba ya gudu. Ka dawo ka iske shi."

"Ita fa?"

Ya san Inna, ta sha ba shi fura da hannunta. Na kwana biyu ina juya maganar. Shanun nan su ne ƙafata da hannuna, shekara tara na yi ina tara su tun suna maruƙa, kuma da su nake sa ran aurar da ku wata rana. Amma tafiyar gulbi da dawowa sai damina, Inna kuwa ba ta kai damina a kan ruwan gari. Ran tafiyar na raka Agali har bayan gari, na dawo na soma zare bunun rumbu ina ba shanun. Ba wanda ya tilasta ni. Ku riƙe wannan, don kada wata rana ku ɗora wa uwarku ko kakarku.

Daga nan aikin ya zama na haƙuri. Da fari nakan gyara abu uku a hawa ɗaya, in hoto ya gyaru ban san wanne ya gyara shi ba, in ya ɓaci ban san wanne zan mayar ba. Sai na sa wa kaina doka, abu ɗaya a hawa ɗaya. In matsa ƙane na farko yatsa biyu, in ɗaure, in jira kiran Dije, in rubuta. Uwa tsawonta kamu ɗaya da taƙi ɗaya ne, da ita nake auna sauran. Na gane in ƙane ya kai ta tsawo, sai ya daina jawo hoto ya koma tare shi. Na gane yawan sanduna ba shi ne ba, na taɓa jera goma sha ɗaya, hoton ya fi na shida muni. Yatsa ɗaya na zarto yana iya ɗaga mu daga inuwa zuwa mutum, yatsa na biyu ya mayar da mu dusa, kuma ƙarfen da aka yanke ba ya komawa. Haka kan gadon Dije ya bi sandunan sauron.

Da anten ya yi ƙarfi sai ya jawo mana baƙo. Wata tasha daga kudu, ta Najeriya, ta riƙa shigowa tana zana ratsi-ratsi a kan hotonmu, musamman ranar da aka yi zafi. Na yi kwana uku ina fama, sai na lura abin nan yana da kurman gefe. Ta gaba yake ji sosai, ta baya kaɗan, amma ta inda bakunan sandunan suka nuna ba ya jin komai. Na ɗan karkata shi yamma har kurman gefen ya dubi kudu. Namu hoton ya ragu kaɗan, baƙon kuwa ya fita. Na sa wuƙa na yi tsaga a jikin azara don kada in manta wurin.

A kwana na ashirin da biyu bajimin farko ya kwanta ya kasa tashi. Na kira mahauci kafin ya zama mushe. Aka raba naman gida-gida, Dije ta yi wa Inna romo, ta sha cokali biyu ta ce ta ƙoshi.

Muna nan a kan mutum. Kwana goma duk sandar da na matsa, gaba ko baya, hoton sai ya ragu. Na ce to iyakarsa ke nan, kuma da shi ba a gane fuskar kowa. Dije a lokacin takan bi mata daji da safe suna tonon gidan tururuwa, suna kwaso ƙwayar da ta tara. Ta dawo ran nan da ƙasa har gira, ta same ni na zuba wa kaye ido.

"Mai gida, in mun tona rami ya ba mu tahi guda ya tsaya, ba mu zama muna ta sosa bakinshi. Gaba mu ke yi mu sake wani."

"Kina nuhin in kwance duka? Aikin wata guda?"

"Ba ka rubuta ba? In ta ƙi ka maida yadda ta ke. Ko rubutun naku na ado ne?"

Na ji haushi, don gaskiya ce kuma ba ni na gano ta ba. Na kwance duka. Na sake jeri da tazara mai faɗi, taƙi ɗaya da yatsa huɗu tsakanin kowace. Kwana uku muna inuwa, har Maigari ya ce na lalata abin da Allah ya ba ni. A na huɗu muka koma mutum, a na shida Dije ta ce tana ganin kunnen mai karanta labarai, amma idonsa na zuwa yana tafiya.

Abin da ya rage kaɗan ne, na rasa inda zan samo shi. A bakin rijiya na samo. Tunda bajimi ɗaya ya rage, shi ma ba ƙarfi, mu biyu muke jan igiya da maƙwabcina. Na ce a raina, in mutum biyu suna jan wasaki ɗaya, me zai hana anten biyu su ja hoto ɗaya? Na yi na biyu sak na farko da ƙarafan gefen gadon, na lanƙwasa masa tasa uwar, na ɗaure shi ƙasa da na farko, na haɗa wayoyinsu. Dije ta kunna.

"Dusa! Wallahi dusa tsantsa!"

Na zauna a kan reshe. Biyu sun kasa abin da ɗaya ya yi. Sai na tuna in ni da maƙwabcina ba mu ja lokaci ɗaya ba, in yana ja ina saki, wasakin tsayawa yake. Na duba wayoyin, ta ƙasan ta fi ta saman tsawo da kusan kamu ɗaya, don na yi ƙyashin yanke ta. Na auna su kai da kai na yanke. Sannan na riƙa saukar da na ƙasan taƙi-taƙi. A kamu biyu da rabi na ji shiru. Na leƙa, Dije ta fito ta tsaya a rana, hannunta a baki.

"Huska, mai gida. Har da haƙora."

Ranar Laraba ce. Da safen Alhamis bajimi na biyu ya kwanta.

Da la'asar na shiga ɗakin Inna. Ba amalanke, ba jaki a garin da zai iya ɗaukar mutum. Na durƙusa na ba ta baya. Tun da aka yaye ni aka kai ni wurin kakata, jikina bai taɓa nata ba.

"Dije, ce mashi ya tashi. Mi mutane za su ce?"

Dije ta ce, "Inna, mutanen duk sun tahi cin rani. Hau."

Ta hau. Damin kara ya fi ta nauyi. Ta riƙe wuyan rigata da yatsu biyu kamar mai riƙe kayan aro, tana ta faɗa wa Dije cewa a gaya mini in bi a hankali kada in yi tuntuɓe. Daga gidanmu zuwa dandali ba nisa, amma ban yi sauri ba. Na zaunar da ita a tabarma dab da akwatin, Dije ta tallafe ta. Waɗanda suka rage a gari, tsofaffi da mata, suka taru a baya. Aka yi magariba, aka karanta labarai, ina tsoron kada a ce yau ce ranar da suka canja hoton. Sai kiɗan ya tashi. Kabeji, mata da kwanduna, rijiya. Dogon mutumin ya ja wasaki, ya ɗan juyo, hoton tas kamar a taɓa shi. Ya wuce.

Inna ta daɗe tana kallon akwatin bayan an shiga wani abu. Sannan ta juya ta dubi gawon, ta dubi hannuwana da roba da zarto suka farfasa. Ta ce:

"Ya rame."

Can kuma ta ce:

"Dije, da sauran romon nan?"

Ta sha rabin kwano a wurin, gaban jama'a. Washegari ta ci tuwon jar dawa tana zaginta. Kowace Litinin da Alhamis ina goya ta zuwa dandali, har ranar da ta ce a gaya mini ta gaji da zama kaya, a miƙo mata sanda.

Hamidu ya dawo bayan shuka ta biyu, da tari da buhun gero rabi. Wannan kun sani. Ga abin da ba ku sani ba. Da aka gama murna na ja shi gefe na tambaye shi wace rijiya ce aka ɗauke shi hoto. Ya ce wane hoto? Shi bai taɓa noman rani ba. Ta daji ya ƙetare iyaka, ya yi ga-ruwa a wani birni, ya kwanta ciwo wata uku ba wanda zai aiko. Na roƙe shi kada ya faɗa wa Inna, ya yarda. Shekara shida muna ɓoye mata, in ta ce ranar da na gan ka a tele, sai ya sunkuyar da kai ya ce ƙwarai, Inna.

Da Inna ta rasu, bayan mun yi sadakar bakwai ɗinta, ina zaune a zaure, uwarku ta zo ta zauna nesa kaɗan. Ta ce akwai saƙon da aka ba ta ajiya, an ce kada ta bayar sai bayan rai. Tun daren Alhamis ɗin farko, da take shafa wa Inna mai a ƙafa, Inna ta ce mata:

"Wancan ba Hamidu ba ne. Ni na haihe shi, ko inuwarshi na sani. Amma kwana arba'in ina jin wannan shina hawa itace shina sauka, ya rasa shanunshi, ke kin rasa gadonki. Ina zaune ina makokin wanda ban tabbata ya mutu ba, ga mai rai shina ƙarewa a gabana. Kar ki gaya mashi, kunya za ya ji."

Ashe mu muna ɓoye mata, ita tana ɓoye mana. Na tashi na shiga gona, ko da yake ba lokacin aiki ba ne.

Da masu gyara suka zo daga baya, sun sauke sandunana sun kafa nasu. Babbansu ya karɓi kayena ya daɗe yana buɗawa, ya tambaye ni a wane lakwal, wato makaranta, na yi karatu. Na ce masa a bisa gawo.

Ga abin da shekarar ta ci mana. Bajimai biyu, kuma sai da na yi shekara goma sha ɗaya kafin na sake ɗaura wani a amalanke. Gadon uwarku, wadda ta kwana a tabarma har aka haifi autarku. Rumbu ɗaya da na zare wa bunu, ruwan farko ya rushe shi. Gonar arewa da na ba da aro don ba ni da abin kai mata taki, ba ta dawo ba. Agali, wanda ya tafi gulbi shi kaɗai, ban sake ganinsa ba, ban kuma sami wanda ya san inda ya ƙare ba. Shi ne wanda har yau ban gama lissafinsa ba. A ƙauyenmu an binne mutum goma sha huɗu tsakanin kaka da damina, na san sunan kowa. Inna ba ta cikinsu.